Gicciye A Wayar Idirisa

"Kar ka taɓa ni, Idirisa!"

Rumasa'u ta ja da baya har furar da ta kawo ta fantsalo mata a zane. Ba ma taɓa ta zai yi ba, hannu kawai ya ɗaga... amma ji ta yi kamar ƙadangare ya bi ta wuyanta.

Wayarsa na kan tabarmar zaure tana kiran sallar la'asar. Fuskar wayar ta kawo haske, ga kuma abin a fili kowa na gani: gicciye, ja wur, rana na faɗuwa a bayansa.

Alhaji Abarshi, mahaifinta, ya ɗaga wayar da yatsu biyu.

"Wannan fa?"

"Baba, wallahi ban sani ba. Tun ranar kasuwa yake fito mini. Na yi ta gogewa, dawowa yake..."

"Goge mu gani."

Idirisa ya sauya hoton, ya mayar da na raƙuman Alakos, inda aikinsa na elebaj, wato malamin dabbobi, ke kai shi yi wa dabbobi allura. Ba a gama sauke numfashi ba fuskar ta yi duhu, ta sake haske.

Wani gicciyen!

Wannan fari ne, a kan tsauni.

Rumasa'u ta kau da kai. An karɓi goro, ana gab da sa musu rana, ashe mutumin da take kira hasken idonta fuska biyu gare shi? Ya ja mutane salla a ƙofar gidansu, ya koma ya rungumi wani abu a ɓoye?

Alhaji ya leƙa waje ya ƙwala wa Fadilu kira. Fadilu mai lodi ke nan, ɗan amininsa na Damagaram, mai shago a tsallaken hanya. Duk unguwar wurinsa ake kai waya a buɗe, a tafi cefane, ya zuba wa mutum wa'azi ko waƙa kafin ya dawo. Ya taɓa neman Rumasa'u, ta ce a'a.

Ya shigo turarensa na gaba yana biye.

Idirisa ya miƙe. "Yauwa! Fadilu, ba kai na bar wa wayar nan ranar kasuwa ba?"

"Ni ne. Karatun Alƙur'ani ka ce, shi na sa maka." Ya dubi hoton ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Alhaji, wannan aplikasiyon ne, irin mai sauya hoto da kansa. Sai mutum ya nema da hannunsa yake samu. Ni wallahi tallahi irinsa bai taɓa shiga shagona ba!"

Idirisa ya juyo gare ta, idonsa ya kaɗa.

"Ruma... zuciyata... ke ma?"

Tsaki ta ja, mai tsawo.

"Da ka faɗa mini gaskiya da bakinka, da na yi kuka na haƙura. Ƙaryar ce ke ba ni ƙyama. Tashi ka fita!"

Washegari aka mayar da goro.

Garinsu Gure kuwa ta samu abin taunawa. A famfo, a wurin niƙa, a gidan suna, zancen ke nan. Matan da ba su taɓa gaishe ta ba suka riƙa zuwa jaje suna leƙen fuskarta, su ga ko ta rame. Wata ma cewa ta yi dama tun ranar farko ta ga alama a tafiyarsa. A tafiyarsa! Rumasa'u ta shiga ɗaki ta tofar da yawu.

Abinci ya daina shiga. Ta buɗe wayarta, hoton Idirisa ne. Ta rufe, shi ne. Ga shi rungume da ɗan akuya, ga shi a kan tudun rairayi yana dariya...

Ran nan da hantsi ta ja mayafi ta tsallaka shagon Fadilu.

"Hotunansa za ka goge mini. Duka. Ni hannuna ya ƙi."

"Hajiyata! Zauna, zauna nan kusa da ni."

Ya jona wayar da ordinatarsa, wato kwamfuta, ya shiga bin hotuna. Na Idirisa yake wucewa da sauri, nata yake tsayawa a kai. Ya buɗe wanda ta ɗauka ba ɗankwali, ya ƙara masa girma, yana lasar leɓe. Gumi da turare suka haɗu suka doki hancinta.

"Na ce nasa, ba nawa ba."

"Ai Allah ne ya cece ki, ƙanwata. Ni tuntuni nake jiranki. Ki ce to kawai, gobe in tura magabatana..."

Ya juyo da kujera yana fuskantarta, ya bar ordinatar a bayansa. Yana ta zuba, hotunan suka dushe, fuskar na'urar ta koma yadda take in an bar ta.

Ja wur.

Rana na faɗuwa a bayansa.

Gicciyen nan ne, a ordinatar Fadilu.

"Fadilu... juya."

Ya juya. Ya kai hannu zai rufe, aka yi sallama a ƙofa. Madam Estar ce, ungozomar likita, wato asibiti, kirista, wadda rabin matasan unguwar a hannunta suka faɗo duniya, har da Rumasa'u.

"A'a! Ga abina nan!" Madam ta nuna da murna. "Fadilu, kai da ka ce mini ka nema ba ka samu ba? Tun kafin ranar kasuwa nake maka sintiri, in samu hoton gicciye a wayata!"

Fadilu ya sunkuyar da kai.

"Madam," in ji Rumasa'u, "ya samu. A wayar Idirisa ya sa. Sannan ya tsaya gaban Baba ya rantse da Allah bai taɓa gani ba."

Madam ta sauke jakarta a hankali. Labarin ya riga ya iske ta a likita. Ta dubi Fadilu tun daga sama har ƙasa, kamar ta taka kashin kaji.

"Abin da nake durƙusawa a gabansa in yi addu'a, shi ka mayar abin shafa wa mutum baƙi? Tir! Ni na yanke maka cibiya, Fadilu. Da na san abin da na riƙe ke nan!"

"Madam, so ne... wallahi son ta ne..."

"Kar ka ƙara cewa wallahi!" Rumasa'u ta fizge wayarta. "Bakinka ya ƙazantar da ita!"

Da ƙafarta Madam ta tsallaka zauren Alhaji, ta faɗi komai. Alhaji ya saurare ta har ƙarshe. Can ya tashi ya wanke hannun da ya gaisa da Fadilu da safe, ya zura takalmi, ya nufi gidan iyayen Idirisa da sabon goro a hammata.

Rumasa'u kuwa ɗan kabu-kabu ta tare ta hau babur.

A garken bayan gari ta same shi, cikin ƙura da kukan awaki, allura a hannu. Ya rame. Ya gan ta, ya ci gaba da aikinsa.

"Idirisa..."

"Matsa baya, Malama. Kar in taɓa ki."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta durƙusa nan cikin kashin awaki, ita da ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kwanonta.

"Fadilu ne. Na gani da idona. Amma ba shi na fi jin ƙyama ba... kaina nake ƙyama. Ka kira ni zuciyata, na ja maka tsaki. Gari duka ya tofa maka yawu, ni na fara."

"Baba bai san ni ba, Ruma. Gari bai san ni ba." Ya ajiye allurar. "Ke fa?"

"Na sani... na sani, masoyi..."

Kuka ya ƙwace mata. Wani bunsuru ya matso yana shinshinar mayafinta, ya kama gefen ya fara tauna.

Idirisa ya yi ƙoƙari ya ci gaba da ɗaure fuska. Ya kasa.

"Tashi, don Allah, kafin ya cinye ki ban aura ba."

Da yamma Madam Estar ta karɓi wayarsa ta ce, "Kawo, a ba mai abu abinsa." Ta tura aplikasiyon ɗin zuwa wayarta, ta cire daga tasa, ta tafi tana kallon hotonta tana murmushi. Shagon Fadilu kuwa, mutane suka daina barin waya a buɗe, daga baya suka daina zuwa gaba ɗaya.

Bayan biki suka zo gaida Alhaji. Suna zaune a zauren nan, a tabarmar nan, wayar ta ɗauki kiran la'asar. Fuskarta ta kawo haske.

Ba wanda bai miƙa wuya ba. Har Alhaji.

Rumasa'u ce a jiki, ta haɗe gira ta turo baki.

Alhaji ya yi gyaran murya ya tashi alwala. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Duk hotunana ka rasa na sawa sai wannan? Goge shi!"

Idirisa ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Ranar da kika kore ni na yi ta gogewa, amaryata..."

"To?"

"Dawowa kike."