Sandawic Ɗin Gogo Laraba

Tiren ya dawo yadda ya tafi.

Shigowata ke nan daga aiki, ko takalmi ban cire ba, sai ga Lauratu da shi a ka. Ta sauke a gaban Baba, ta yaye murfin da hannunta don kada wani ya ce bai gani ba. Agashe ne, gasasshen naman tsire, jere tsinke bisa tsinke, ko yajin bai motsa ba.

"Kawu ya ce a gode muku," ta faɗa tana gyara mayafi. "Ya ce Allah ya yi albarka."

Baba ya dubi tiren, ya dube ta.

"Bai ci ba?"

"Ko hannu bai kai ba, Baba Dogo. Kallo ɗaya ya yi masa ya tashi ya shige ɗaki... Ni dai 'yar aike ce."

'Yar aike wai. Da na biye wa zuciyata, da tiren nan a kanta zan kife shi.

Lauratu 'yar ƙanwar Malam Ashafa ce, mahaifin Muntarina. Tun rasuwar matar Malam ita ke riƙe da kicin ɗin gidan, kuma kaf layinsu na Umbadda babu wanda bai san ta daɗe da ƙyasa Muntari ba. Shi kuwa ni ya ce yana so. Baffanninsa sun zo sun yi gaisuwa, saura abu ɗaya. A gidajenmu, gidan yarinya kan aika wa uban yaro da abinci. In ya ci, magana ta zauna, sai sa rana. In bai ci ba, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Babana mai agashe ne, teburinsa na bakin babban titi. Naman nan da kansa ya zaɓa, da kansa ya fere shi, bai bar kowa ya taɓa wutar ba.

"Na gane," ya ce bayan fitarta, murya ƙasa-ƙasa. "Su jikokin alhazai ne, masu allo da tawada. Mu 'ya'yan masu tsinkar auduga a Jazira, masu warin hayaƙi. Kubra."

"Na'am, Baba."

"Ki gaya wa yaron nan kada ya sake tako mini ƙofa."

Na shige ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Washegari da na tashi daga kamfanin sabulun da nake aiki a Bahri, na tarar da Muntari a tashar motocin hafila, da kayan aikinsa na walda, idanunsa sun faɗa.

Na wuce shi kamar ban gan shi ba.

"Kubra... ya habibti, tsaya mana."

"Baba ya ce kada ka sake tako ƙofarsa."

"Nan ba ƙofarsa ba ce, tasha ce."

Na so in yi dariya, na danne. Ya biyo ni cikin motar, ya zauna a kujerar bayana, yana magana ta gefen kunnena.

"Wallahi Malam bai taɓa aibata ki ba. Da bakinsa ya ce ya yarda. Ina dawowa jiya na ji wai tire ya koma, na je na same shi, tun ban buɗe baki ba ya ce in bar shi ya huta."

"To me ya hana shi ci? Naman babana ƙazanta ne?"

"Ba naku kaɗai ba ne, rabin raina. Malam ya daina cin abinci da mu tun watannin baya. Shi kaɗai a ɗaki, daga kunu sai shayi da burodin da ya jiƙa a ciki. Ya rame. Karatun ma ya bar wa ƙanensa, in zai yi magana sai ya ja rawani ya rufe baki. Lauratu ta ce baƙin cikin rashin Inna ne."

Muna kan gadar Shambat lokacin. Na juyo gaba ɗaya na dube shi.

"Burodi a cikin shayi?"

"Eh."

"Yana rufe baki?"

"Eh... lafiya?"

Na san wannan ciwon, a gidanmu na gan shi. Kakata Gogo Laraba, mahaifiyar Baba, haka ta yi shekarar da haƙoranta suka zube. Ta daina zama cin abinci a tire ɗaya da mu, ta ce azumin nafila take, ta ce nama ya fita ranta, ƙarya kala-kala, ashe kunya ce kawai. Sai kuma na tuna wadda ta tare ni a kasuwa makon jiya, tana murmushi har kunne: ki ce wa babanki ya gasa shi ya bushe sosai, haka Kawu ke so.

Lauratu, mai dama masa kunu kullum.

"Ka je gida ka jira ni," na ce wa Muntari. "Kada ka gaya wa kowa."

Ana kiran magariba na isa gida. Baba ya riga ya fita teburinsa. Na idar da salla na faɗa kicin, Gogo ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofa yadda ta saba.

Wannan girkin saboda ita na koye shi. Mai tashi daga Bahri ta iso Umbadda da magariba, ina ta ga ƙarfin tuƙa tuwo ko yaɓa kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a ranar aiki? Sai in ɗebi naman Baba in zuba a injin niƙa na hannu. Albasa siriri-siriri a mai har ta yi laushi, koren tattasai a kai, sannan niƙaƙƙen naman, gishiri, masoro, da ɗan yajin agashen Baba. In naman ya sake launi sai in yayyafa ruwa kaɗan don kada ya bushe. In warware jibna mudaffara, cukun nan mai kitso, wanda na jiƙa gishirinsa ya fita, in shimfiɗa a kai in rufe kaskon. Sirrin kuwa a burodin yake: a tsaga shi a kifa a kan naman, tururi ya ratsa ɓawon har ya yi taushi kamar auduga. Kafin shayi ya tafasa an gama.

Baba cewa yake niƙaƙƙen nama ba nama ba ne, abincin ragwaye ne. Gogo kuwa da shi ta dawo da kumatunta.

"Yau biyu na gani," in ji ta. "Baƙo muka yi?"

Na gaya mata komai, har abin da nake zargi.

"In kuma ba haka ba ne fa?" ta tambaya. "Kin kai kanki gidan surukai da burodi a hannu, ba da sanin ubanki ba. Kin san ba ki da sauran fuska a Umbadda."

"Na sani, Gogo. Ina son sa ne... ban san yadda zan yi ba."

Gogo ta miƙa hannu.

"Ba ni sandata. Yarinya ba ta zuwa ita kaɗai. Kuma bakinki alaikum a can, ni zan yi magana."

Muka naɗe sandawic ɗin a tawul muka tari raksha mai ƙafa uku.

Lauratu ce ta tare mu a tsakar gidan. Ta ɗaga gefen tawul ɗin ta taɓe baki.

"Abincin kafteriya? Wa Malam guda? Haba Kubra, abin har ya kai haka? Kawu ba ya ganin kowa yanzu."

"Ni ba kowa ba ce, 'yar nan," in ji Gogo. "Matsa."

Muntari ya ɗaga mata labule. Ni na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Malam na zaune a bakin gado, kwanon kunu a gefensa ko rabi bai sha ba. Yana ganin baƙi ya ja rawani ya rufe baki. Suka gaisa da Gogo, gaisuwa mai tsawo. Ta baje a kan tabarma, ta kwance tawul, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Allah gafarta Malam, ka yi haƙuri da tsohuwa, yunwa ba ta bar ni na jira gida ba."

Ta ɗauki ɗaya ta gatsa. Cukun ya biyo bakinta yana zare, ta naɗe shi da yatsa, ta yi dariya baki buɗe, dasashi fal babu haƙori ko na rantsuwa.

"Ka gan ni nan? Tun da haƙora suka yi mini tawaye na ɓuya a ɗaki ina shan kunu kamar mai jego. Ɗana mai agashe, ni ko tsoka ɗaya ba na iyawa. Kunya ta kusa kai ni kabari. Jikata ce ta ƙirƙiro mini wannan. Dasashi ma yanka shi yake."

Ta tura masa ɗayan gabansa, ta ci gaba da cin nata ba ta ko kallonsa.



Ni dai addu'a nake, duk wadda ta zo bakina.

Can na ga hannun Malam ya tashi. Ya sauke rawanin a hankali. Bakinsa ya lotsa ciki, irin na Gogo sak. Muntari ya ja numfashi a bayana, na ji shi.

Malam ya yi bisimilla ya gatsa.

Ya tauna. Ya lumshe ido. Ya sake gatsawa.

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Wani nauyi da ya danne mini ƙirji tun jiya na ji ya sauka, har sai da na dafa ƙasa.

"Rabona da nama," in ji Malam, "tun da likitan asibitin Soba ya cire mini na ƙarshe. Na ce wa yaran nan awon sukari na je. 'Yata, matso. Naman wa ne wannan?"

"Na Baba ne, Malam. Yajin ma nasa ne."

"Dogo ya iya nama. Na jiya ma ƙamshinsa ya hana ni sukuni, na gudu ɗaki don kada a gan ni ina haɗiyar yawu. Ina fata yaran gida sun cinye a madadina yadda na ce."

Gogo ta ajiye burodinta.

"Tiren ai cike ya dawo mana, Malam."

"Ya dawo? Wa ya mayar?"

Duk muka juya. Lauratu na tsaye jikin bango ta yi tsuru-tsuru.

"Na ce ki raba wa mutanen gida, ki wanke tiren ki mayar da godiya," in ji Malam. "Ke kaɗai kika san halin da bakina ke ciki, Lauratu."

Ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Na zaci zan ji daɗi, sai na ji tausayinta ya ɗan taɓa ni. Kaɗan dai, ba da yawa ba.

Malam ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya miƙe.

"Muntari, takalmina. Kai ni wurin Dogo."

"Yanzu, Malam? Yana bakin titi, cikin mutane..."

"Cikin mutane aka kunyata shi."

Teburin Baba cike yake da masu saye lokacin da rakshar tamu ta tsaya. Yana hango Malam ya haɗe rai, ya ci gaba da juya tsinkayensa. Da ya hango ni a baya kuwa, sai ya watsa mini harara, na sunkuyar da kai.

Malam ya yi sallama. Baba ya amsa a daƙile.

Sai Malam ya matsa gaban fitilar, ya janye rawaninsa gaba ɗaya, ya buɗe baki a gaban kowa.

"Duba nan, Dogo. Da me zan ci?"

Baba ya tsaya da tsinke a hannu.

"Girman kai ne ya hana ni faɗa, ba raini ba. Na ci namanka yau, daga hannun 'yarka da mahaifiyarka. Na zo in roƙe ka gafara, in kuma roƙi rana."

Baba ya dubi Gogo, ta wage masa nata dasashin. Ya zaro tsinke mafi laushi daga gefen wuta, ya zare naman a kan katako, ya ɗauki wuƙa ya shiga daddatsawa. Mutumin da ya ce niƙaƙƙen nama abincin ragwaye ne, ga shi yana sara yana tattarawa yana sake sarawa, har naman ya koma kamar gari. Ya yayyafa mai, ya zuba a rabin burodi, ya kifa a kan wuta ya yi taushi, ya miƙa da hannu biyu.

"Bisimilla, Malam. Wancan na Kubra ne. Wannan ne nawa."

Malam ya ci a tsaye, a bakin titi, raksha na wucewa.

"Juma'a ta sama ta yi maka?" Baba ya tambaya.

"Ta yi," in ji Malam da cikakken baki.

Muntari ya sunkuyo kusa da mayafina.

"Ya habibti... yanzu zan iya tako ƙofar?"

"Tambayi mai ƙofar," na ce, ina share ido ina dariya.

An ɗaura aure ranar Juma'ar. Har yanzu ina aiki a Bahri, har yanzu sai magariba nake isowa a gajiye. Ina shigowa zan tarar da Malam ya fito tsakar gida ya zauna a kan tabarma tare da kowa, rawaninsa na rataye a ƙusa, ya riga ya jiƙa mini cukun da kansa.