Yadda Waƙafi Ta Shiga Ajin Injiniyoyi

Ranar da Dakta, malamar kwas ɗin rubutun rahoto, ta shigo ajin injiniyoyi da wata budurwa a bayanta, kowa ya ɗauka sabuwar ɗaliba ce. Dakta ta ce 'yar ajin ƙarshe ce a sashen harsuna, makaranta ce ta turo ta ta riƙa zama da su duk zangon, tana taimaka musu da rubutun rahoto. Ba ita za ta ba da maki ba, ba kuma za ta rubuta wa kowa ba.

A kujerar baya wani saurayi da ake kira Dogo ya ɗago kai, suka haɗa ido, ya yi saurin sunkuyarwa. In dai inji ne, ko ido rufe zai kwance ya mayar. Amma rubutu ya kayar da shi a wannan kwas bara, in ya sake faɗuwa kuma, sai gida.

Da aka tashi, ya miƙa mata rahotonsa a kan famfon ruwa mai aiki da hasken rana. Ta karanta, ta dube shi.

"Malam, shafi guda babu aya ko ɗaya? Ba ka numfashi ne?"

"Ni fa ƙarfe na sani, ba nahawu ba."

"To kife takardar. Faɗa min da baki yadda famfon yake aiki, kamar kakarka kake yi wa bayani."

Sai ga Dogo ya zuba kamar an kunna rediyo, hannu na tashi, ido na ƙyalli. Ta bari ya kai ƙarshe, ta yi murmushi.

"Ka gani? Haka za ka rubuta. Duk inda ka ja numfashi, ka sa waƙafi."

Tun daga wannan rana, sunanta ya koma Waƙafi a bakinsa. Kullum bayan darasi suna teburin kusa da tagar laburare, tana tambaya, yana gogewa yana sakewa. Ko harafi ɗaya ba ta taɓa rubuta masa ba.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Waƙafi, yau na rubuta shafi biyu kuma ban suma ba. Allah ya saka miki. Akwai wata magana kuma, amma ba ta famfo ba ce."

Ta amsa: "Madalla, Dogona. Waccan maganar ka adana ta sai zango ya ƙare. Yanzu amana ce kai a hannuna."

Ya karanta "Dogona" har cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Rahotonsa ya fito cikin na gaba a ajin. Wani ɗan ajin, wanda ya taɓa nemanta ta ba shi haƙuri, ya kai ƙara cewa ita ta rubuta wa Dogo. Aka dakatar da ita kafin a yi bincike. Labari ya kai gida, mahaifinta ya kira ta falo.

"Karatu na tura ki, kin dawo min da zargi. Kada in ƙara jin zancen yaron nan."

"To, Baba," ta ce, hawaye na zuba.

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne shirun Dogo. Ba kira, ba saƙo. Ta ce a ranta, ashe ya samu makinsa ya yi gaba.

Shi kuwa tsoro yake kada kowane kira ya zama hujja a kanta. Ya je gaban kwamitin bincike da ƙafarsa, ya ce, "Ku ba ni biro da takarda da duk batun da kuke so, ku zauna ku kalle ni."

Suka ba shi. Ya rubuta a gabansu, gumi na ɗiga a kan tebur. Dakta ta karanta, ta ajiye kusa da tsohon rahoton, ta ce, "Hannu ɗaya ne." Aka wanke su duka biyun, aka mayar da ita bakin aikinta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Waƙafi, ki yafe min shiruna. Mutuncinki nake karewa. Zango ya ƙare, ga maganar: ina son ki, kuma da aure."

Ta share ido ta rubuta: "Ka ba ni wahala, Dogo. Na yafe. Sauran Baba."

Ba shi kaɗai ya je wurin mahaifinta ba. Kawunsa ya raka shi, Dakta ma ta ce da ita za a je. Ita ta fara magana.

"Baba, na daɗe ina koyarwa, ban cika ganin mai riƙon amana kamar 'yarka ba. Ni na dakatar da ita, shi ya sa na zo da kaina."

Tsohon ya jinjina kai. Sannan ya dubi Dogo.

"Kai kuma me ka gani a wurinta?"

"Baba, kowa cewa yake ban iya ba. Ita ce ta fara zama ta saurare ni."

Tsohon ya gyara zama, ya ce wa kawun, "To ku turo manya."

Bayan Dogo ya kammala ya samu aiki aka ɗaura auren. 'Yan ajin suka cika farfajiyar gidan, Dakta na zaune cikin iyaye mata. Da za a tafi da amarya, mahaifinta ya dafa kanta, ya ce:

"Na yi miki faɗa a kan abin da ba ki yi ba, 'yata. Ki je, na yarda da ke. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari."

Duk gidan ya amsa da amin.