Dokar Baba Ta Kama Baba

A gidan Baba Kafinta ba a taɓa kofin shayi da safe sai an yi addu'a, kuma addu'ar tana da doka. Kowa zai faɗi mutumin da ya fi ɓata masa rai, sannan ya roƙa masa wani alheri da shi kansa yake so ya samu. Baba ya ce haka Yesu ya koya mana, a kan haka kuma ya reni 'ya'yansa biyu, Yaya da ƙanwarsa Nas, wadda ke aiki a asibiti. Kalma ɗaya ya haramta.

"Ban da 'Allah ya shirye shi'," in ji Baba. "Wannan zagi ne ya sa rigar coci."

Da wannan doka Yaya ya roƙa wa malamin lissafinsa tsawon rai, yana yi yana cije baki. Nas kuwa ta taɓa roƙa wa wata mai tsokanarta a makaranta sabon takalmi, tana kuka wiwi. Shi Baba in layi ya zo kansa sai ya buɗe hannu ya ce, "Ni ba ni da kowa a rai." Mama takan yi ɗan tari, ta ci gaba da yanka burodi.

Ashe akwai wani. Tun yaran suna ƙanana Baba ya shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci. Murya ce Allah ya ba shi mai ƙarfi, sai dai ba ta san hanya ba. Wata rana Malamin Waƙa ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ran Lahadi ka riƙa motsa baki kawai." Baba ya ɗauki hularsa ya fita. Tun daga ranar ba ya waƙa sai a shagonsa, inda zarto ke rufa masa asiri.

To, duk samarin duniya Nas ba ta ga wanda ya kwanta mata a rai ba sai Dogo mai gyaran wuta, ɗan Malamin Waƙa na fari. Ya je gyara fitilar ɗakin allura, ya gama aikin, ya kasa samun ƙofar fita.

Ranar da ta faɗa a gida, Baba ya ajiye cokali.

"Ɗan wa kika ce?"

"Baba, ai ka ji."

"Yaron ba shi da laifi. Amma gidan... a'a. A bar maganar."

"Me gidan ya yi?"

"Na ce a bar maganar."

Nas ta shige ɗaki ta sha kukanta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta taɓa neman abu wurin ubanta ya hana ta ba tare da dalili ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, ta rame, dariyarta ta ɗauke daga gidan.

Wata yamma Dogo ya tare ta a bakin asibiti, tsani a kafaɗa.

"Nas, don Allah ki saurare ni. Mu je kotu a ɗaura kawai. In Babanki ya ga an gama zai sauko."

"Ka taɓa ganin Babana ya sauko daga abu don an tura shi?"

"To sai yaushe? Sai na yi furfura?"

"Sori, Dogo. Ina son ka, Allah ya sani. Amma mutumin nan shi ya koya mini sunkuyar da kai in yi addu'a. Ba zan fita daga gidansa ta taga ba."

Dogo ya sosa ƙeya, ya ce zai jira, ko da tsanin ne zai yi tsiro.

Mama ce ta tsegunta wa Nas labarin kwaya suna wanke-wanke. Nas ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma tausayin ubanta ya kama ta.

Washegari aka zauna addu'a. Yaya ya roƙa wa direban da ya watsa masa ruwan kwata sabbin tayoyi. Layi ya zo kan Nas.

"Wa ya ɓata miki rai?" Baba ya tambaya kamar kullum.

"Kai ne, Baba."

Wuƙar burodi ta tsaya a hannun Mama. Nas ta rufe ido.

"Ya Ubangiji, ga Babana. Ya ɓata mini rai, amma ina son sa. Ni ina so a ji abin da ke zuciyata. Shi ma ka ba shi ranar da zai buɗe murya a gaban jama'a, ba wanda zai ce ya yi shiru. Amin."

Baba ya daɗe yana kallon tebur, wanda shi ya ƙera da hannunsa. Sannan ya gyara murya.

"Ni dai ba ni da..."

Mama ta yi tarin nan nata, wannan karon har sau biyu.

"To, na ji. Malamin Waƙa ne." Ya rufe ido da ƙyar. "Ya Allah, ga bawanka. Ka shir..."

"An hana," Yaya da Nas suka faɗa tare.

"Wa ya hana?"

"Kai, Baba," in ji Yaya. "Rigar coci."

Baba ya buɗe ido ɗaya ya harare shi. Ya shiga laluben abin da zai roƙa wa mutumin, abin da shi kansa yake so. Ya duba shago a ransa, ya duba lafiya, duk bai ga abin da ya kai yarinyar da ke zaune gabansa tana share hawaye ba.

"Ya Allah," ya ce a hankali, "ka ba shi 'ya kamar tawa."

"Kamar taka," Mama ta ce tana zuba shayi, "ko taka?"

Sai kafaɗun Baba suka fara girgiza. Dariya ce ta ƙwace masa, har da ƙwalla.

"Kun haɗa mini tarko da katakona. Nas, ki ce wa mai tsanin nan ya turo ubansa."

Malamin Waƙa ya zo, furfura ta cika masa kai. Ya ma manta da maganar sam, da aka tuna masa kuwa kunya ta rufe shi, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya nemi gafara. Ya kuma roƙi abu ɗaya, cewa uban amarya ne zai ja waƙar godiya ranar aure.

Ranar kuwa Baba ya ja ta. Muryar ta bi ta inda ta ga dama, mai ganga ya bi ta a guje, jama'a suka tashi tsaye suna tafi. Nas ta riƙe hannun Dogo tana dariya tana kuka. Can gefe Malamin Waƙa ya buɗe baki zai amsa, kuka ya shaƙe shi, murya ta ƙi fita. Baba ya hango shi, ya matso kusa da kunnensa.

"Ba komai, ɗan'uwa. Ka riƙa motsa baki kawai."

Haƙurin Nas bai faɗi ƙasa ba, ta sami mijinta, ba ta kuma rasa albarkar ubanta ba. Uba kuwa ya sani cewa abin da ya koya wa 'ya'yansa zai dawo wata rana ya zauna a gabansa. Ranar ce za a san ko ya koyar da gaske, in ya sunkuyar da kai ya bi, kamar yadda Baba Kafinta ya yi kafin shayinsa ya huce.