Layin Da Take Tsallakewa

A falon Inna kujera ɗaya ce mai cikakkun ƙafafu, ita ake ba 'Yar Agaji duk Laraba. Inda aka tura sojoji babu netwok, sai wasiƙa. Ƙungiyar su 'Yar Agaji ke kawowa, su karanta wa iyayen da ido ya gaza, su rubuta amsa. Dokar aikin ɗaya ce: ba ƙari, ba ragi.

Wata uku ke nan tana ragi. Duk wasiƙar Auta, sojan Inna, da layi ɗaya take ƙarewa: "Inna, mai karanta miki wannan nake so, a nema min ita." Da wane baki za ta karanta? Sai ta yi tari, ta ce, "Ya ce a gaida kowa."

Ran nan ta tarar Gwaggo, ƙanwar uban Auta, ta riga ta kujerar.

"Yaro ko zancen aure ba ya yi!" in ji Gwaggo. "Ga 'yata zaune a gida. Ke, ɗauki biro!"

Inna ta ce, "Rubuta: mun yi maka mata, 'yar Gwaggonka."

Kan 'Yar Agaji ya ɗaure. Ta yi magana, a ce tana tallan kanta? Ta juya saƙon, ta ci amana? Ta ma rasa ta ina ake riƙe biro. Haka ta rubuta, hawaye na ɗiga a takarda.

"Mura ce?"

"Mura ce, Gwaggo."

Gwaggo na fita, Inna ta ce, "Maimaita min." Ta maimaita, ko wasali ba ta rage ba.

"To, yaga."

"Na'am?"

"Yaga, na ce! Ki ɗauko ta watan jiya, ki karanta min daidai inda tarin nan ke kama ki. Idona ne ya tafi, ba kunnena ba. Auta tun da ya iya magana bai taɓa gaida kowa ba."

Ta karanta, murya kamar ta aro.

"Sori, Inna, ni dai—"

"Wadda ta rubuta rashinta da hannunta ba ta sauya harafi ba, ita zan ba ɗana. Gwaggo kuwa bar ni da ita. Ɗauki biro."

Kunya dai ado ce, amma wata uku ta ci mata. Haƙuri da riƙon amana su suka yi mata aure.