Wasan da Lawandi Ya Ƙi Ƙarasawa

Ranar Laraba ce, ƙarshen damina. Hadari ya haɗu tun azahar, ya ƙi zubowa. Ko ganye ba ya motsi.

Lawandi tela ya rufe shago bayan la'asar, ya nufi tsohuwar marina da ke bayan gari. Tun zamanin kakanninmu aka daina rini a can. Ramuka ne kawai da ciyawa. Amma nan waya ta fi kama sabis, shi ya sa kullum yake zuwa ya zauna a bakin rami ya buga ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, wadda ake yi da mutanen duniya ta waya.

Ya iya, wannan ba a musu. Kafin ka ɗaga soja ya san inda dokinka zai faɗi. Yakan miƙa maka sarauniyarsa, ka ɗauka kana murna, ashe tarko ne. Sai dai yana da mugun hali: ba ya kashe wasa. Zai cinye maka komai, ya bar sarkinka shi kaɗai, ya dinga korarsa lungu-lungu har agogon wasanka ya ƙare. Sannan ya aiko maka da hoton dariya.

A farkon daminar wani ya gayyace shi wasa. Ba suna, ba hoto, ba tutar ƙasa. Wasa marar agogo, kowa ya buga lokacin da ya ga dama. Mutumin yana wasa irin na tsofaffi, a hankali, yana ji da dawakinsa. Ya ba Lawandi wuya, abin da ba a taɓa yi masa ba, kuma Lawandi ya ji haushi. Da ya samu sa'a ya matse sarkin mutumin a kusurwa, saura bugu ɗaya a gama, sai ya ƙi bugawa. Kullum saƙo ya shigo: "Ƙarasa." Lawandi ya aika dariya, ya buɗe wani wasan. Ya ce in mutumin ya gaji ya miƙa wuya da kansa. Mutumin bai miƙa ba. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai.

To, ranar nan yana zama sai ya ji warin ruwan rini. Sabo, mai ƙarfi. Ya ɗaga kai.

Wani tsoho na zaune a ɗaya bakin ramin. Hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ciyawa ta tsiro ta cikin rigarsa, gara ta yi gini a gefen cinyarsa. Ƙafafunsa na cikin ramin. Lawandi ya bi su da ido, suna ta tafiya ƙasa, bai ga inda suka ƙare ba.

"Sannu, Baba," ya ce.

"Tela." Bakin tsohon ya motsa, amma daga cikin ramin muryar ta fito. "Ka zo yi mini dariya?"

"Ban san ka ba, Baba."

"Leƙa."

Ya leƙa. Ramin da ya sani busasshe, yau cike yake da baƙin ruwa. A fuskar ruwan ga allon wasa, ga sarki a kusurwa, ga sarauniyar Lawandi tana jiran bugu ɗaya.

"Wasa ne, Baba. Wallahi wasa ne."

"A wurinmu ba a tashi a bar wasa. Wanda ya zauna, sai sarki ya faɗi."

"Ai da ka danna ka miƙa wuya."

"Ba mu da wannan."

Nesa can aka yi tsawa, siririya. Tsohon bai ƙifta ido ba.

"Ɗana ya kwanta ciwo, ina nan zaune. Yana kirana, ina jin shi, ina nan zaune. Aka wuce da shi ta bayana za a binne, ban iya juyawa ba. Ranar ma na ce maka ka ƙarasa. Ka tuna abin da ka aiko mini?"

Lawandi ya so ya gudu. Tsohon ya tsare shi da ido.

"Ƙarasa."

Lawandi ya buɗe wayar. Ya ja sarauniya. Sarki ya faɗi. Ruwan ramin ya yi wani irin huci, kamar an tsoma garwashi.

Tsohon ya fara miƙewa. Ginin gara ya rushe, ciyawa ta yi ta tsinkewa. Ya daɗe yana jawo ƙafafun nan daga rami. Da ya tsaya, sai da Lawandi ya ɗaga kai kamar mai kallon giginya. Hannu ya sauko ya kama babban yatsansa na dama. Sanyi kamar randa.

"Ba zan taɓa ranka ba. Ka yi ta farawa, tela. Ka yi nisa, ai ka iya yin nisa. Ƙarshen yana wurina. Zan riƙe maka shi."

"Har yaushe, Baba? Don Allah, har yaushe?"

"Ai babu agogo."

Ruwa ya ɓarke. Lawandi ya zura da gudu, ya bar takalmi ɗaya. Bai waiwaya ba.

Bai je gida ba, shago ya faɗa, don ya ga ko mafarki ne. Yatsan ya yi shuɗi, sabulu bai fitar ba. Akwai rigar ango a kan keken ɗinki, ta jibi ce, saura kalmasar ƙasa kawai. Ya taka keke, allura ta tafi sumul. Da ya rage tsawon ɗan yatsa, sai hannun ya mutu, ya zube a cinyarsa kamar tsumma. Ya ajiye rigar, hannun ya dawo. Ya ɗauki wando, haka. Ya ɗauki hula, haka. Ya gwada da hagu, zare ya tsinke. Ya buɗe wayar ya buga wasa, ya kai wani ɗan ƙasar waje bakin kabari, yatsan ya ƙi ja, yana kallo agogonsa ya ƙare. Mutumin ya aiko masa da dariya.

Shi ya sa nake gaya muku, kada wanda ya je marinar nan shi kaɗai, komai kyan sabis. Kuma wanda ba ku ga fuskarsa ba, ba ku san wa ke zaune a ɗaya gefen ba.

Da gari ya waye, Lawandi ya ninke rigar angon, ya naɗe yatsansa da ƙyalle, ya tsallaka titi zuwa shagon Mati, telan da ɗinkinsa bai kai rabin nasa ba. Ya tsuguna a ƙofa, mutane na wucewa suna kallo.

"Malam Mati," ya ce, "taimaka ka ƙarasa mini."