Jiƙaƙƙen Buhun Inna Delu

Ana kiran la'asar aka buga wa Insfekta Alhusaini waya a komisariyar 'yan sandan Madawa. Shagon haɗa bidiyon biki da ke bayan kasuwar albasa ya kama wuta. Mai shagon, Abdulhamid, ya kulle ƙofa ya kwanta ƙailula, hayaƙi ya riga wutar isa gare shi.

Alhusaini ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma abin da ya tarar ya karya masa zuciya. Wata tsohuwa ce zaune a ƙasa, ta miƙo masa hannaye biyu tun bai yi sallama ba. Inna Delu ce, mahaifiyar mamacin.

"Ɗaure ni, ɗana. Ni na kashe shi."

"Mi kinka yi, Inna?"

"Na kawo mai hura da hantsi, na taɓa ordinatarshi, zahi kamar tanda. Na jiƙa buhu na ruhe ta, yadda mukan yi ma tulu. Nuhu ya ce ruwan ne ya haɗu da kuran, wutar lantarki."

Nuhu, ƙanen mamacin, shi ke gyaran ordinata, wato kwamfuta, da sauran na'urorin shagon. Yana tsaye gefe, idonsa a ƙasa.

Alhusaini ya shiga. Teburi ya ƙone, silin ya zubo. Amma can bayan ƙofa ga buhu a ninke, da sauran laima, ko baƙi bai yi ba. Ashe Abdulhamid ya jira ta fita ne ya cire shi, don kada ya kunyata ta. Allah sarki.

A bango ya ga takarda da rubutun biro, gefenta ya babbake: 3,6 sai 4,2 sai 4,9.

"Rubutunka ne, Nuhu?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe. Gudun na'urar ne. Da kanta take hawa, bust aka ce mai. Ban taɓa komi ba."

Insfekta bai san kan ordinata ba, kuma ba ya jin kunyar tambaya. Washegari ya ɗauki ƙonanniyar na'urar da kwalinta ya kai wa Madam Rahila, mai koyar da ordinata a lise, makarantar sakandare.

Ta nuna masa jikin kwalin. "Ka ga uku da shida, shi ne gudunta na kullum, kamar jaki bisa tahiyarshi. In kaya ya yi nauyi sai ta ƙara da kanta har huɗu da biyu, in ta ji zahi ta sassauta. Wannan ne bust, waɗanda sunka ƙera ta sun yarda da shi."

"Huɗu da tara hwa?"

"Babu shi ga kwali. Mutum ne ka shiga ya tilasta mata, ya ƙara mata wuta. Obakilok ke nan. Ko haka, in abin ya yi yawa takan kashe kanta, ko fiz ya tsinke ya yanke wuta."

Ta kwance akwatin wutar na'urar. Inda fiz ya kamata ya zauna, wayar jan ƙarfe ce aka murɗa, wadda ba ta tsinkewa.

Alhusaini ya je gidan mamacin ya tarar da su zaman makoki. Ya ja Nuhu zaure, ya ajiye wayar jan ƙarfen a tafin hannunsa.

Nuhu ya daɗe yana kallonta, sannan ya durƙushe.

"Bidiyon auren Yaya ne, ranka shi daɗe. Watan jiya anka ɗaura. Na so in gama haɗawa kahin amarya ta tare ran Alhamis, na'ura kuwa sai jan jiki. Yaya ya hana ni, ya ce a bar ta da gudunta. Na ƙara a ɓoye. Fiz ya tsinke sau biyu, na sa waya."

"Kuma ka bar tsohuwarka tana miƙo hannu a ɗaure ta?"

"Na ga ba mai ɗaure tsohuwa don buhu. Na kasa kallon idonta in ce ni ne."

Alhusaini ya ji haushi, ya ji tausayi, ya rasa wanne ya fi. Bai sa masa ankwa ba. Ya shiga cikin gida ya tsuguna gaban Inna Delu, yana tsammanin ya kawo mata sauƙi.

"Inna, ba buhunki ba ne. Marigayi ya cire shi tun kina hita. Ba ki da laihi."

Ta ɗaga kai. Ta ƙofar zaure ta hango wani jami'i riƙe da hannun Nuhu, ana buɗe mota. Ba sai an gaya mata ba.

"Shekaranjiya ɗiya maza biyu gare ni," in ji ta a hankali. "Da ka bar ni da buhuna, ɗana. Da ko guda ya saura mini."

Alhusaini ya miƙe ya fita. Ya shiga motar, suka wuce komisariya da Nuhu.