Injin da Aka Raba da Ruwa

Da aka sauko daga Juma'a, Hammadu mai fito ya koma mashigin kogin Mariga, ya tarar da rumfarsa a buɗe, injin kwale-kwale guda ya yi ɓatan dabo. Biyu ne da ma, tsofaffi, na wani Baturen haƙar zinariya da ke shirin komawa ƙasarsu. Ya bar su hannun Hammadu ya gwada, ya zaɓi wanda ya dace da jirginsa. Ƙaramin mai tsatsa yana nan jingine. Babban, mai ƙyalli kamar sabon kwano, shi ne babu.

Bature ya ce wanda aka ba ajiya shi ne ɓarawo. Aka tsare Hammadu, aka ce in inji bai fito ba, gidan yari ne makomarsa, fiton kuma a ba wani.

Salmanu ɗan doka aka ɗora wa binciken, mutum mai jinkirin magana da yawan kallon ƙasa. A cikin ciyawa bayan rumfar ya tsinci farfelar injin, wato fukafukan nan da ke tura ruwa. Ba karya ta aka yi ba, kwance ta aka yi aka yar.

Ya fara da Hammadu.

"Baba, wanne ka zaɓa?"

"Ƙaramin, ɗana. Babban nan da na ɗaura shi, bayan jirgi ya nutse, goshi ya ɗaga sama kamar raƙumi zai miƙe. Ga ƙafarsa doguwa, da rani duwatsu za su cinye ta. Me zan yi da shi?"

Sai Maliki, wanda ya daɗe yana haƙon fiton. Salmanu ya ajiye farfelar a gabansa.

Maliki ya kwashe da dariya. "Yallaɓai, ba na ƙin a ba ni mashigin nan, kowa ya sani. Amma in saci inji in yar da wannan? Ai sai in saci jaki in yanke masa ƙafafu."

Salmanu ya daɗe zaune bakin ruwa, sannan ya nufi wurin Audi makaniki. Audi ya tafi Kaduna da mota ranar Juma'a, mutane da yawa sun shaida, saboda haka ba a tsawaita ba.

"Malam Audi, kwanan nan wa ya nemi bel a wurinka, irin na juya inji?"

"Auta mai hatsi, na hanyar Kuyello. Tun da ya ga injin niƙa a Zariya ya hana kowa sakat da zancensa."

Tun daga zauren Auta ƙaurin ƙonannen mai ya tari Salmanu. Auta ya fito, hannun dama naɗe da tsumma.

"Me ya sami hannu?"

"Tukunya ce."

"Mu ga tukunyar."

Ga ta can bayan rumbu, an lulluɓe da karan dawa: injin ne ɗaure a jikin turke, ya yi baƙi ƙirin, bel na reto inda farfela take.

Salmanu ya tsuguna, ya yi magana a hankali. "Mai jirgi ba zai ɗauki babban ba, ya san zai kifar da shi. Ba zai kuma yar da farfela ba. Wanda ya yar da ita ba ruwa ya nufa ba, tudu ya nufa, kuma babba ya zaɓa don ƙarfi yake so. Abin da ba ka sani ba, Auta, wannan inji ta ƙafarsa yake zuƙar ruwan kogi ya sanyaya cikinsa. Ka tayar da shi a busasshiyar ƙasa, ya yi ta gudu har ya ƙone."

Auta ya zauna daɓas. "Aro na yi niyya, wallahi. Garin kwano ɗaya kawai nake so in ga ya fito."

Da la'asar aka kawo injin a bayan jaki, aka saki Hammadu, Bature ya ce fito na Hammadu ne. Tsohon bai dubi Bature ba, bai dubi Auta ba. Ya ɗora tafinsa a kan ƙonannen ƙarfen.

"Allah sarki," in ji shi. "Da ya tambaye ni, ai da na gaya masa."